Masu Kallon Sama: Tarihin Al'adar Kallo da Ɗaukar Hoton Jiragen Yaƙi na Da da na Yanzu

A Birtaniya da Amurka, da wasu ƙasashen Turai irin su Holan da Faransa da Jamus, akwai wata al'ada da ta kai wajen ƙarni guda da kafuwa, wadda a cikinta mutane kan bar gidajensu tun da asuba su nufi filayen jiragen sama ko bakin shingen sansanonin soja, ɗauke da kyamara da tabarau mai hangen nesa da littafin rubutu, domin su ga jirage, su tantance irinsu, su rubuta lambobinsu, su kuma ɗauki hotonsu. Abin da ya fi faranta wa waɗannan mutane rai a yau shi ne sa'ad da tsohon jirgin yaƙi mai farfela, irin wanda ya yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, ya jera a sararin sama da jirgin jet na zamani, wato jirgin da injinsa ke zuƙar iska ya haɗa ta da mai ya ƙona, ya feso ta baya da ƙarfin da ke tura shi gaba. Wanda ya hangi al'adar daga nesa zai iya ɗaukar ta shagalar masu hali, amma tarihinta ya nuna cewa daga aikin tsaron ƙasa ta samo tushe, kuma da ba don masu yin ta ba, da yawancin tsofaffin jiragen da ake alfahari da su yanzu sun daɗe da narkewa a wutar masana'antun ƙarfe.

Dangantakar jirgin sama da kyamara ta ƙullu tun ranar da jirgi mai inji ya fara tashi, domin a ranar 17 ga Disamba 1903, a gaɓar tekun jihar North Carolina ta Amurka, Orville Wright ya kafa kyamararsa kafin ya hau jirgin, ya kuma roƙi John T. Daniels, wani ma'aikacin tashar ceton masu haɗari a teku, da ya ɗauki hoton da zarar jirgin ya rabu da ƙasa. Tashin bai wuce daƙiƙa 12 ba, tazararsa kuma mita 37 ce, amma hoton ya zama hujjar da har gobe ake kafawa da ita. A watan Agusta na 1909, wata guda bayan Louis Blériot ya ƙetare mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila, aka yi babban taron kallon jirage na farko a kusa da birnin Reims, inda dubun dubatar mutane suka halarta cikin mako guda, Henri Farman kuma ya ci kyautar nisan zango da tafiyar kilomita 180.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai shirya kallon ya koma hannun hukuma. Rundunar Sojan Sama ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1918, tana fuskantar barazanar a rushe ta a raba jiragenta tsakanin sojan ƙasa da na ruwa, don haka shugabanta, Hugh Trenchard, ya ga cewa wajibi ne masu biyan haraji su ga amfaninta da idanunsu. Daga 1920 zuwa 1937 aka riƙa yin gagarumin biki kowace shekara a filin Hendon da ke arewacin Landan, inda matuƙa ke nuna gwaninta a gaban gidan sarauta da jakadu da talakawa. Mai karatu daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka ya cancanci sanin abin da akan rufe bikin da shi a wasu shekarun: akan gina ganuwa ko ƙauyen katako mai kama da na mutanen hamada, a sa sojoji su yi shigar mazauna wurin, sa'annan jirage su zo su yi masa ruwan bama-bamai har ya kama da wuta, 'yan kallo suna tafi. Abin da ake kwaikwayo ya faru da gaske, domin a farkon 1920 jiragen DH.9 sun kai hari kan ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya, kuma a shekarun da suka biyo baya da jirage Birtaniya ta riƙa murƙushe ƙabilun Iraƙi da suka ƙi miƙa wuya.

Ainihin mai kallon jirage kamar yadda aka san shi a yau, mai tantance iri da rubuta lamba, yaƙi ne ya haife shi. A 1925 Birtaniya ta kafa wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Observer Corps, wadda mambobinta manoma ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa da sauran farar hula, aikinsu kuwa shi ne su tsaya a wuraren da aka keɓe su kai rahoton duk jirgin da ya gitta. Muhimmancin aikin ya fito fili bayan zuwan na'urar rada, wadda ke gano jirgi daga nesa ta hanyar aika igiyar rediyo da karɓar ta idan ta bugi jikinsa ta dawo, domin an jera tashoshinta ne a bakin teku suna fuskantar waje, ta yadda da zarar jirgin abokan gaba ya shigo cikin ƙasa sai ya ɓace mata, idon ɗan'adam da kunnensa kaɗai ke iya bin sa. A lokacin gumurzun sama na 1940 da ake kira Yaƙin Birtaniya, mutum kusan 30,000 ne ke karɓa-karɓar tsaro dare da rana a wurare kimanin 1,000, suna faɗa wa cibiyoyinsu ta wayar tarho irin jiragen da suka gani, da yawansu, da tsayin da suke, da inda suka dosa. A watan Afrilu na 1941 Sarki George na Shida ya ƙara wa ƙungiyar laƙabin sarauta don yaba wannan aiki.

Ganin jirgi abu ne mai sauƙi, sanin ko na wane ne shi ne wahalar, kuma an biya kuɗin wannan darasi da rai tun a makon farko na yaƙin. A ranar 6 ga Satumba 1939, kwana uku da shigar Birtaniya yaƙi, matuƙan Spitfire na rukuni na 74 suka harbo jiragen Hurricane biyu na rukuni na 56, 'yan'uwansu, bisa zaton na Jamus ne, matuƙi ɗaya kuma ya rasa ransa. Irin wannan kuskure ne ya sa tantance jirage ya zama fannin ilimi mai zaman kansa. Aka riƙa buga katuna masu ɗauke da baƙar inuwar kowane jirgi ta fuska uku, daga gaba da daga gefe da daga ƙasa, aka kuma koya wa mutane su fara duban fukafukai, sa'annan injuna, sa'annan gangar jiki, sa'annan wutsiya, har su kai matsayin da ƙiftawar ido ta ishe su. A watan Janairu na 1941 aka fara buga mujallar The Aeroplane Spotter ƙarƙashin jagorancin Peter Masefield, ƙungiyoyin masu tantancewa suka bazu a garuruwa, masana'antu suka ajiye masu gadi a kan rufin gini domin kada a dakatar da aiki sai jirgin abokan gaba ya matso, yaran makaranta kuma suka mayar da abin gasa. A lokacin da sojojin ƙawance suka sauka a Normandy a watan Yuni na 1944, an sa 'yan ƙungiyar Observer Corps kusan 800 a cikin jiragen ruwa domin su hana masu bindigogin kakkaɓo jirage harbin nasu, an kuma shafa wa jiragen ƙawancen ratsin baƙi da fari a fukafukai da jiki don wannan dalili. Ratsin ne ake gani har yau a jikin tsofaffin jirage da yawa a wuraren biki.

Da yaƙi ya ƙare, aka bar ƙasar da dubban mutane masu gogaggen ido waɗanda ba su da sauran abokin gabar da za su tantance. Mujallar The Aeroplane Spotter ta daina fita a 1948, a cikin shekarar kuma aka kafa ƙungiyar Air-Britain, wadda ta juya sha'awar daga sanin iri zuwa bin diddigin kowane jirgi shi kaɗai. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne lambar rajista, wato haruffan da dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta a rubuta a jikin kowane jirgin farar hula, waɗanda farkonsu ke nuna ƙasar da ta yi masa rajista: G na Birtaniya ne, N na Amurka, F na Faransa, kamar yadda daga baya 5N ya zama na Nijeriya, 5U na Nijar, 9G kuma na Gana. Jiragen soja su ma suna da lambobin da rundunoninsu ke ba su. A 1950 kamfanin ɗab'i na Ian Allan, wanda ya riga ya yi suna da littattafan lambobin jiragen ƙasa, ya fara fitar da ɗan littafin lambobin jiragen sama, inda mai kallo kan ja layi a ƙarƙashin duk lambar da ya gani da idonsa. Aikin yana kama da wasan yara, amma idan aka tara rubuce-rubucen dubban mutane na shekaru da dama, sai a sami tarihin rayuwar jirgi ɗaya tun daga masana'anta har zuwa inda ya ƙare, kuma sau da yawa wannan tarihi ya fi na hukuma cika, saboda hukuma takan zubar da takardun abin da ta daina amfani da shi.

A daidai wannan lokaci ne jiragen yaƙin suke ɓacewa cikin gaggawa. An ƙera Spitfire sama da 20,000, Hurricane kimanin 14,500, Mustang na Amurka sama da 15,000, Lancaster mai jefa bama-bamai 7,377, B-29 kuma 3,970, amma zuwan injin jet ya mayar da su tsohon yayi cikin 'yan shekaru, ƙasashen da yaƙi ya talauta kuma suna buƙatar alminiyam. A wurare irin su Kingman a jihar Arizona da Walnut Ridge a jihar Arkansas an jera dubban jirage, wasunsu sababbi fil, ana datsa su ana narkarwa. Sakamakon shi ne a yau Lancaster biyu kacal ke iya tashi a duniya, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada, B-29 ma biyu ne, wasu ire-iren kuwa ko ɗaya bai tsira ba.

Waɗanda suka fara tsayar da wannan asara mutane ne ƙalilan. Richard Shuttleworth, wani matashi mai dukiya a yankin Bedfordshire, ya fara tara tsofaffin motoci da jirage tun kafin yaƙi, kuma bayan ya rasu a haɗarin jirgin horo a 1940 mahaifiyarsa Dorothy ta mayar da tarin amana. A filin Old Warden har yanzu akan tayar da jirgin Blériot na 1909 idan iska ta kwanta, kuma shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da ke iya tashi. A 1957 rundunar saman Birtaniya ta ware Spitfire uku da Hurricane ɗaya a Biggin Hill domin bukukuwan tunawa, wanda shi ne asalin rukunin Battle of Britain Memorial Flight, kuma a cikin shekarar ne Lloyd Nolen da abokansa a jihar Texas suka haɗa kuɗi suka sayi Mustang guda, abin da ya girma ya zama ƙungiyar da ake kira Commemorative Air Force a yau. Amma abin da ya fi kowane girgiza al'amarin fim ne. Domin shirya fim ɗin Battle of Britain, wanda aka ɗauka a 1968 ya fito a 1969, an ɗora wa tsohon matuƙi Hamish Mahaddie nauyin nemo jirage, ya kuma tara kimanin 100, ciki har da Spitfire 12 da Hurricane 3 masu iya tashi. Jiragen da suka fito a matsayin na Jamus daga Sifen aka samo su, domin ƙasar ta ci gaba da ƙera Messerschmitt da Heinkel bayan yaƙi tana sa musu injin Merlin na Birtaniya, wato injin da ke cikin Spitfire ɗin da suke faɗa da shi a fim. Da aka gama ɗauka sai jiragen suka watsu hannun masu sha'awa, makanikan da suka gyara su kuma suka gane cewa sana'a ce da za ta iya ci da su.

Filin Duxford, kusa da Cambridge, shi ne wurin da wannan tarihi ya fi taruwa. An gina shi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, a nan rukuni na 19 ya karɓi Spitfire na farko da suka shiga aikin soja a 1938, Amurkawa suka zauna a cikinsa daga 1943, aka rufe shi a 1961, masu fim ɗin nan kuma suka tarwatsa ɗaya daga cikin tsofaffin rumfunansa na ajiye jirage da nakiya domin su sami hoton hari. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum ya karɓi wurin a shekarun 1970 da taimakon 'yan sa-kai, aka kawo masa ɗaya daga cikin jiragen gwaji na Concorde a 1977, kuma daga 1993 zuwa 2019 a nan aka riƙa yin bikin Flying Legends, wanda akan rufe shi da tashin jirage masu farfela 20 ko fiye a sahu ɗaya. Duk wannan kuɗin ƙofar 'yan kallo da gudummawarsu ne ke ɗaukar babban kason nauyinsa, domin jirgin da ya haura shekara 80 yana cin kuɗi a kowace sa'a da ya yi a sama fiye da abin da mai shi zai iya jurewa shi kaɗai.

Jera tsohon jirgi da sabo a sahu ɗaya ya zama tsararren abu ne daga baya. A Birtaniya zama wuri ɗaya ne ya sauƙaƙa shi, domin tun 1976 rukunin tunawa yana zaune a sansanin Coningsby da ke Lincolnshire, wanda a yau shi ne ɗaya daga cikin manyan gidajen jiragen Typhoon, kuma matuƙan da ke tuƙa Spitfire da Hurricane a ƙarshen mako yawanci hafsoshi ne masu aiki da jiragen jet. A 2015, don cikar Yaƙin Birtaniya shekara 75, an yi wa wani Typhoon fenti irin na Hurricane ɗin James Nicolson, matuƙin da ya sami lambar yabo ta Victoria Cross a 1940, aka riƙa nuna shi tare da Spitfire. A Amurka kuwa rundunar sama ta ƙaddamar da shirin Heritage Flight a 1997, shekarar da ta cika 50, inda Mustang ko Sabre na zamanin yaƙin Koriya ke tashi kafaɗa da kafaɗa da F-16 ko F-22 ko F-35. 

Wannan jerawa da ke da daɗin kallo aiki ne mai wuya ga matuƙa, saboda jiragen biyu an ƙera su ne don duniyoyi mabambanta. Gudun Spitfire na farko kimanin kilomita 580 ne a sa'a, Typhoon kuwa yana iya ninka saurin sauti sau biyu, don haka sai tsohon ya ƙara wuta sosai, sabon kuma ya rage gudu ya ɗaga hancinsa sama domin fukafukansa su ci gaba da ɗaukar sa, kamar mahayin da ke ja wa ingarma linzami don ya jera da mai tafiya a ƙasa. Shi ya sa a yawancin lokuta tsohon jirgin ne ke jan gaba, na zamanin ya daidaita da shi, kuma dole a kiyaye kada iskar da ke fita daga injin jet ta bugi ƙaramin jirgin ta kifar da shi. Ga mai kallo, amfanin jerawar shi ne tana nuna girma da siffa da sauti a lokaci guda: yana ganin yadda jirgin yaƙi ya kumbura ya yi nauyi cikin shekara 70, yadda fiffike mai lanƙwasa ya koma mai kusurwa uku, yana kuma jin bambancin gurnanin Merlin mai silinda 12 da tsawar jet. Babu allon bayani a gidan tarihi da zai iya koyar da wannan.

Mai ɗaukar hoto shi ma yana da tasa matsalar, wadda ke tattare da ƙofar haske ta kyamara, wato ɗan marfin da ke buɗewa ya rufe domin haske ya faɗa kan fim ko kan na'urar da ta maye gurbinsa. Jirgin jet yana buƙatar ƙofar ta rufe da sauri, kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, don kada hoton ya yi dishi-dishi. Amma idan aka ɗauki jirgi mai farfela da wannan sauri sai farfelar ta fito a sandare, jirgin ya zama tamkar injinsa ya mutu a sama, abin da masana ke ɗauka babban aibi. Dole a sassauta saurin zuwa kashi ɗaya cikin 250 ko ƙasa da haka domin farfelar ta nuna juyi, kuma a nan sai mai hoton ya riƙa bin jirgin da kyamararsa cikin santsi daidai da gudunsa, in ba haka ba komai ya gauraye. Idan jiragen biyu suna cikin hoto ɗaya, ƙa'idar farfela ce ke rinjaye, ƙwarewar hannu kuma ita ce ke ceton jet ɗin. Gwanayen farko irin su Charles E. Brown, wanda hotunansa ke ajiye a gidan tarihin rundunar sama a Hendon, daga cikin wani jirgin suke ɗauka, suna neman gajimare mai kyau da zai zama shimfiɗa. Masu sha'awa na ƙasa kuwa sun shafe shekaru suna amfani da fim ɗin Kodachrome mai riƙe launi, suna musayar hotuna ta gidan waya, har kyamarar dijital da intanet suka zo, aka daina yin fim ɗin a 2009. A yau wasunsu kan hau duwatsun Wales, tsakanin Dolgellau da Machynlleth, inda jiragen soja ke atisayen tashi ƙasa-ƙasa har zuwa mita 76 daga doron ƙasa, ta yadda mai hoto kan kalli jirgin daga samansa.

Ba kowace ƙasa ce ke fahimtar mutumin da ke tsaye bakin sansanin soja yana rubuta lambobi ba. A watan Nuwamba na 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a sansanin Kalamata na ƙasar Girka, aka same su da laifin da ya shafi leƙen asiri a 2002, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke waɗanda suka bayyana a gabanta a cikin shekarar. Zargin bai dace da su ba, amma tsoron hukumomi yana da tushe, domin 'yan shekaru bayan haka hotuna da lambobin da masu kallo suka tara a filayen Turai suna cikin hujjojin da 'yan jarida da masu bincike suka bi suka gano jiragen da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ke safarar fursunoni da su a ɓoye.

A cikin al'adar kanta akwai muhawara biyu da ba su mutu ba. Ta farko ta shafi asali. Spitfire mai lamba P9374 ya faɗi a gaɓar tekun Calais a watan Mayu na 1940, yashi ya binne shi har zuwa 1980, aka sake gina shi ya tashi a 2011, aka kuma sayar da shi a gwanjo a Landan a 2015 kan fam miliyan 3.1, amma ƙarfen da ya yi shekara 40 a cikin ruwan gishiri ba ya komawa sama, don haka mafi yawan jikinsa sabo ne, abin da ya gada daga na asalin shi ne lamba da tarihi da wasu sassa. Masu tsaurin ra'ayi suna ganin irin wannan sabon jirgi ne mai tsohon suna, kuma gaskiya tana wajabta wa masu shi su bayyana wa jama'a iyakar abin da ya tsira. Muhawara ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi rai. A Reno a 2011 wani Mustang da aka sauya don tsere ya faɗa kan 'yan kallo, mutum 11 suka mutu; a Shoreham a ranar 22 ga Agusta 2015 tsohon jet ƙirar Hawker Hunter ya faɗi a kan babbar hanya ya kashe mutum 11; a Dallas a ranar 12 ga Nuwamba 2022 B-17 da P-63 suka yi karo a sama, mutum 6 suka rasu; a watan Mayu na 2024 kuma wani Spitfire na rukunin tunawa ya faɗi kusa da Coningsby, matuƙinsa Mark Long ya rasu. Bayan Shoreham hukumar sufurin sama ta Birtaniya ta tsaurara dokoki, bukukuwa da dama kuma suka tsaya saboda tsada. Hujjar masu cewa a ci gaba da tashi tana da ƙarfi ga irin da ke da sauran 'yan'uwa a gidajen tarihi, amma tana raunana matuƙa ga jirgin da shi kaɗai ya rage, kuma ba ta da wani ƙarfi ko kaɗan idan ran wanda ke wucewa a hanya, wanda bai zo kallo ba, shi ne abin da ake sakawa a caca.

Akwai kuma abin da kyawun hoto ke rufewa. Lancaster da ake tsayuwa don girmamawa idan ya gitta yana tunatar da ma'aikatan jiragen jefa bama-bamai 55,573 da Birtaniya da ƙawayenta suka rasa, amma shi ne kuma jirgin da ya taimaka wajen ƙona Hamburg a 1943 da Dresden a 1945, inda dubban fararen hula suka hallaka. A 1976, a wani biki a Harlingen ta jihar Texas, an sa Paul Tibbets, matuƙin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya tuƙa B-29 a gaban 'yan kallo aka tayar da hayaƙi mai siffar na wancan bam, abin da ya fusata Japan har gwamnatin Amurka ta ba da haƙuri. Wannan ya nuna cewa ruhin wasan Hendon bai mutu gaba ɗaya ba. Mafi nagartar masu wannan al'ada su ne waɗanda bin diddigin lamba ya kai su ga sanin inda jirgin ya je da abin da ya aikata a can, suka kuma rubuta shi yadda yake.

A nan ne tarihin ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar saman Birtaniya, waɗanda suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano, kuma hanyar da suka gwada ita ce ta zama jijiyar yaƙi shekara 15 bayan haka. Da Italiya ta shiga yaƙi Faransa kuma ta faɗi a 1940, Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, sai aka riƙa kai jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da El Geneina da El Fasher da Hartum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko, wanda ya tashi a watan Satumba na 1940, Hurricane shida ne da Blenheim ɗaya mai nuna musu hanya, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya zuwa fagen daga na Arewacin Afirka, inda Coningham ɗin nan ya zama kwamandan rundunar saman hamada. Blenheim ɗaya tak da ke iya tashi a duniya yanzu yana Duxford, DH.9A kuma akwai ɗaya a gidan tarihi na Hendon, ana ɗaukar hotonsu kullum, alhali filayen Kano da Maiduguri da leburorin da suka share su da ma'aikatan da suka ɗura wa jiragen mai ba su da wani babban gurbi a labarin da ake bai wa 'yan kallo. Masana tarihi a jami'o'in Kano da Maiduguri, da masu kula da gidajen tarihi da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, su ne suka fi dacewa su tattara hotuna da takardu da abin da zuriyar waɗannan ma'aikata suka riƙe na labarin wannan hanya, su buga shi da Hausa.